Tsakanin Kano da Jidda

A Kano akwai sana'ar da ba ta da wani suna sai sunan garuruwa biyu. In aka ce hajiya wance 'yar Kano-Jidda ce, magana ta ƙare, kowa ya san tana saro abaya da turare da gwal a can ta kawo nan, ta kuma ɗebi abin da mutanenmu na can ke marmari ta kai musu. Sunan ya zauna a baki har ba a jin wani baƙon abu a cikinsa. Amma a tsaya a saurare shi da kyau. Gari biyu ne aka manna da juna, babu komai a tsakaninsu. Babu Barno, babu Cadi, babu Darfur, babu Kogin Nilu, babu Bahar Maliya. Shekara ɗari da suka wuce ba wanda zai ambaci sunayen nan biyu a numfashi ɗaya yana nufin fataucin da ake zuwa a dawo cikin wata guda. Jirgin sama ne ya haifi sunan.

In ka tambayi masu lissafin tafiyar jirage, za su ce maka daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda akwai kimanin kilomita 3,400. Jirgin fasinja na zamani, idan ya daidaita a sama, yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa, don haka da tashi da sauka tafiyar ba ta cika wuce awa biyar ba in hanya a buɗe take. Direban da ya ɗauki fasinja daga Kano zuwa Maiduguri, tafiyar wajen kilomita 600, yana kan titi alhajin da suka tashi lokaci ɗaya zai taka ƙasar Saudiyya.

Lambar gaskiya ce, kuma ya kamata a san inda ta fito, tunda ba wanda ya taɓa jan igiya daga Kano zuwa Jidda. Lissafi ne. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma wajen digiri 8 da rabi ta gabas; Jidda tana wajen digiri 21 da rabi arewa, digiri 39 gabas. Da lambobin nan huɗu kaɗai ake fitar da amsar, bisa sanin cewa duniya a dunƙule take. Ɗauki duma ka sa ɗigo biyu a bayansa, ka ja zare daga wannan zuwa wancan har ya yi tsam. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta, kuma ita ake nufi in an ce tazarar sama. Zaren Kano da Jidda ya ɗauki kusan digiri 31 daga cikin 360 na kewayen duniya, wato dab da kashi ɗaya cikin goma sha biyu na kilomita 40,000. Su matuƙa jirgi ba da kilomita suke magana ba, da mil na teku suke yi, wanda kowane ɗaya mita 1,852 ne, kuma sittin daga cikinsa ke yin digiri guda. A bakinsu tafiyar mil 1,850 ce ko kusa da haka.

Musulmi sun riga matuƙa jirgi buƙatar wannan lissafi da ƙarnoni. A shekarar 1025 Abu Raihan al-Biruni ya kammala wani littafi a Gazna, cikin Afganistan ta yau, a kan yadda ake tantance mazaunin garuruwa don a gyara tazarar da ke tsakaninsu, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ya sa a gaba shi ne gano alƙiblar Gazna daidai. Tambayarsa ita ce tambayar matuƙin jirgi: in ina tsaye a nan, ta ina zaren ya bi? Shi ya sa Musulmin birnin New York suke fuskantar arewa maso gabas in za su yi salla, alhali a taswirar bango Makka tana ƙasa da su. Taswira a shimfiɗe take, duniya kuwa ba haka take ba. Mu a nan mukan ce wa mai salla ya fuskanci gabas, amma alƙiblar Kano ba tsantsar gabas ba ce, gabas ce da ta karkata arewa. Da yake Makka ba ta fi kilomita 70 zuwa 80 daga Jidda ba, kusan layi ɗaya ne da wanda jirgin alhazai ke ɗora hancinsa a kai. Wannan abu yana taɓa ni ƙwarai. Duk wanda ya ta da kabbara a Fagge ko Kurna yana tsaye ne a bakin wannan layi, kuma a gabansa, ɗaya bayan ɗaya, ga ƙasar Haɗeja, ga Nguru, ga gefen Nijar ta wajen Diffa, ga hamadar Cadi, ga arewacin Sudan, ga Nilu, ga teku. Sau biyar a yini muna miƙa fuska ta kan mutanen wuraren nan.

Sai dai lambar amsar wata tambaya ce, ba wadda Bahaushe ya saba yi ba. Muna da kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa, tazara da nisa. Tazara ita ce gurbin da ke tsakanin abu biyu: tazarar sahu da sahu, tazarar shuka da shuka, tazarar wa da ƙane. Ana auna ta, kuma ba ruwanta da mai aunawa. Nisa kuwa ba ya rabuwa da mutum. Mukan ce dare ya yi nisa, ciwo ya yi nisa, wane ya yi nisa a karatu, wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Duk a nan ba zancen gurbi ake ba, zancen abin da aka riga aka ratsa ake yi, da wuyar komawa baya. Tazarar Kano da Jidda ɗaya ce ga kowa, tun kafin a gina badala har gobe. Nisansu kuwa ya danganta da wanda ke tambaya, da abin da ke aljihunsa, da shekarar da ya yi tambayar.

Shi ya sa a ƙauye har yau in ka ce "da nisa?" ba a ba ka lamba. Sai a ce in ka yi sammako za ka yi azahar a can, ko a ce tafiyar kwana biyu ce a ƙafa. Kwana shi ne tsohon ma'auninmu, kuma ma'auni ne mai mutane a cikinsa. Ana iya ratsa kilomita ba a ga kowa ba, amma ba a kwana a iska. Kwana yana buƙatar wurin shimfiɗa, da rijiya, da wuta, da wanda zai ce maka sannu da zuwa, ko aƙalla ya ƙyale ka ka kwanta a ƙasarsa. In madugu ya ce wa ayari tafiyar kwana arba'in ce, ya faɗa musu ke nan akwai wurare arba'in da za su sauke kaya, da masu gari da za a kai wa gaisuwa, da fatoman da za a yi ciniki ta hannunsa. Wurin saukar shi ne zango, kuma tafiyar da ke tsakanin sauka da sauka ita ma zango ce. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja sun shuka kalmar a hanyarsu, ga ta nan har yau a sunan unguwannin Kumasi da Akara. Ba mu kaɗai ke auna hanya haka ba. Tsohuwar hanyar raƙuma da ta tashi daga Darfur ta ɓulla Asyut a Masar ba ta da wani suna sai adadin kwanakinta, Darbul Arba'in.

Fiƙihu ma da irin wannan ma'auni ya zo mana. A Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, tafiyar da ke halatta ƙasaru baridi huɗu ce, wato mil 48, abin da malamai ke kwatantawa da tafiyar yini biyu ta raƙumi mai kaya, kimanin kilomita 80 da 'yan kai. Jirgi yana gama wannan cikin minti shida. Duk da haka malamai ba su janye rangwamen daga fasinjan jirgi ba, domin hukuncin a kan tafiyar aka rataya shi, ba a kan gumi ba. Wanda ya bar garinsa matafiyi ne ko da a kan kujera mai laushi yake. Miƙati ne ya fi shan sauyi. Ga ayari, miƙati wuri ne da ake sauka, a yi wanka, a ɗaura harami a natse. Ga wanda jirginsa ya nufi Jidda da niyyar wucewa Makka kai tsaye, miƙati ya zama sanarwar da ake yi ta lasifika, 'yan mintoci kafin a zo daidai da shi.

To mene ne a tsakanin, a lokacin da ake taka shi da ƙafa? Mai niyya yakan fita daga Kano ya nufi Barno, ya kewaye Tafkin Cadi ta kudu, ya haye Kogin Shari a inda daga baya Faransawa suka kafa Fort Lami, Njamena ta yanzu. Daga nan sai Abeshe a ƙasar Wadai, sai Junaina a ƙasar Masalit, sai Fashir, sai Ubayyid a Kordofan, sai Umdurman da Khartum a mahaɗar Nilu biyu, sai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake tsare alhazai a killace don gudun annoba kafin a haye zuwa Jidda. Daga baya jirgin ƙasa ya iso Ubayyid, manyan motoci kuma suka shiga hanyar, amma ga talaka abin da ke tafiyar da shi ba ƙafa ko mota ba ne, guzuri ne. Inda guzuri ya ƙare, nan ake tsayawa. A yi noma damina ɗaya ko biyu, a yi ɗinki, a yi wanzanci, a koyar da allo, a tara abin da zai kai zango na gaba. Shi ya sa tafiyar ke cin shekaru. Mutum yakan sallami iyalinsa kamar ba zai dawo ba, a yafe wa juna, ya bar wasiyya. Yaron da aka goya aka fita da shi yakan dawo da gemu, in ya dawo.

Da yawa ba su dawo ba, da yawa kuma ba su ƙarasa ba. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da jama'a mai ɗimbin yawa da niyyar hijira. An kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar, amma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'ar har Sudan, suka zauna a bakin reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha, kusa da Sinnar. Garin yana nan, sunansa Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannuwan mahajjatan Afirka ta Yamma na cikin waɗanda suka riƙe aikin. Wani masani, Bawa Yamba, ya zauna da Hausawan Wad Madani da ƙauyukan kewayenta, ya fitar da littafi a kansu a 1995. Abin da ya tarar shi ne jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ba, ba su kuma taɓa ganin Makka ba, amma in an tambaye su sai su ce a kan hanya suke. Ba ƙarya suke yi ba, ba kuma ruɗin kai ba ne. Sun riƙe niyyar kakanninsu ne a matsayin gado, kuma a ganinsu wanda bai warware niyya ba bai sauka ba, ko da ya yi shekara saba'in a gida ɗaya. Ban san wata al'umma da ta ba kalmar matafiyi nauyi irin wannan ba.

Jirgin sama ma da ya fara zuwa, ta wannan hanya ya biyo, sai dai daga gabas ya taho. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka a filin sukuwa na Kano. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira tun 27 ga Oktoba, suka bi Nilu zuwa Khartum, sannan suka juya yamma ta Ubayyid da Fashir da Abeshe da Fort Lami da Maiduguri. Ba don ƙaunar tarihi suka bi zangon alhazai ba. Tankinsu ƙarami ne, dole su sauka inda akwai mutane da ruwa da fili, kuma wuraren nan ayari ya riga ya gano su tun da daɗewa. Da kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano a 1936, shi ma tsalle-tsalle ya riƙa yi a kan garuruwan. A zamanin nan jirgi ma kwana yake yi a hanya.

Abin da ya share zango ba tashi sama ba ne, girman tanki ne. Kano ta san haka a jikinta. A shekarun 1940 da 1950 jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka a Kano suke sauka su sha mai bayan sun ƙetare Sahara, har filin ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masaukai a nahiyar. Da aka ƙera jiragen da ke iya yin tafiyar a tashi ɗaya, sai suka riƙa wucewa ta samanmu. Abin da Turai da Johannesburg suka yi wa Kano, shi Kano da Jidda suka yi wa Abeshe da Fashir.

Ba kukan tsohuwar hanya nake yi ba, kuma duk mai son ya yi mata ado ya fara tuna kaburburan da ke gefenta. Ƙishirwa ta kashe mutane, kwalara da agana sun kashe, 'yan fashi sun kashe. Ƙananan jiragen katako da ke haye Bahar Maliya a ɓoye sun sha nutsewa da mutane. An sayar da yara da barori a Hijaz don a sami guzurin komawa, kuma sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta a hukumance. Jirgin sama rahama ne. Shi ya sa tsohuwa mai ciwon gwiwa ta ga Ka'aba da idonta ta dawo ta tarar da jikokinta ba su manta ta ba. Shi ya sa manomi ke iya zuwa ya dawo bai rasa gonarsa ba, mace ta je ba ta haihu a jeji ba. Duk wanda ya taɓa ganin fuskar dattijon da aka kira sunansa a sansanin alhazai aka miƙa masa fasfo ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ita ma hanyar sama ta karɓi rabonta. A ranar 22 ga Janairu 1973 wani jirgi da ya ɗauko alhazai daga Jidda zai kai su Legas ya karkato Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. A lokacin ba a taɓa yin hatsarin jirgin da ya ci rai haka ba a duniya. Sun gama kilomita 3,400, saura 'yan taku, kuma ranar nan karin maganar da ke cewa hangen Dala ba shiga birni ba ta yi wa Kanawa nauyi a baki. A ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgin ya tashi daga Jidda zai tafi Sakkwato, wuta ta kama daga wajen tayoyinsa, ya juyo bai kai ga titin sauka ba, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu.

Tazara dai ba ta motsa ba. Nisa kuwa bai mutu ba, ƙaura ya yi. Ya bar ƙafa ya koma aljihu. A 2023 kuɗin kujera daga jihohin Arewa ya kusa naira miliyan 3. A 2025, bayan faɗuwar darajar naira, ya haura miliyan 8. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne a wata. Wanda ke karɓar wannan, ko da bai taɓa ko kwabo ba, bai ci ba bai sha ba, sai ya yi kusan shekara goma kafin ya haɗa kuɗin kujera ɗaya. Shekarun da kakansa ya yi yana noma a Wadai da Jazira ga su nan sun dawo, sai dai shi a zaune zai yi su, a teburin ofis ko a bakin shago. Tsarin adashin gata da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ɓullo da shi, inda maniyyaci ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan har su cika, tafiya ce zango-zango a cikin littafin banki. Ita kanta tazarar tana leƙowa a cikin farashin, domin hukumar takan raba kuɗin kujera gida-gida: masu tashi daga Maiduguri da Yola ne ke biyan mafi ƙanƙanta, sai sauran Arewa, sai Kudu.

Wani ɓangaren nisan kuma ya koma takarda da jira. Saudiyya tana raba wa ƙasashe gurabe bisa yawan Musulminsu, kuma rabon Najeriya a 2023 da 2024 kujera 95,000 ne. Akwai biza, akwai allurar riga-kafi, akwai kwanakin da maniyyata ke yi a sansani suna sauraron ko yau jirgi zai zo, har wani ya yi kwanakin da suka ninka awoyin tafiyarsa sau da yawa bai bar garinsu ba. A 2020 da 2021, da annobar korona ta sa aka rufe ƙofa ga mahajjatan waje, mai biliyan da mai taro sisi duk nisa ɗaya suka tarar.

Akwai kuma abin da ya salwanta gaba ɗaya, kuma shi ya fi damuna. Alhajin da ya taka hanya yakan dawo da Larabcin Sudan a bakinsa, da sana'ar da ya koya, wani lokaci da matar da ya aura a Kordofan, da sunayen mutanen da suka ba shi ruwa. Ya san wace ƙabila ce ke bayan wace, ya san wane sarki ne mai karamci. Ta bakin irinsu ne ƙasar Hausa ta san gabas, har almajiri ma in ya ce ya tafi gabas ana jin girman abin. Alhajin yau yana dawowa da dabino da zamzam da bagaruwa, hajjinsa cikakke ne, ladansa na wurin Allah. Amma ya ratsa ƙasashe uku daga tsayin kilomita 11, an rufe taga yana barci. Ba laifinsa ba ne. Ina dai ganin a wurin bitar da ake yi wa maniyyata, inda ake koya musu ɗawafi da jifa, ba zai gagara ba a ɗauki rabin awa a shimfiɗa taswira a ce musu: ga Abeshe, ga Junaina, ga Fashir, ga Mai Wurno, akwai masu jin yarenku a nan, kuma mutanen garuruwan nan sun ciyar da kakanninku.

A watan Yulin 2022, 'yan kwanaki bayan Babbar Salla, rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ da ke kudu maso gabashin Sudan, tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin. Tushensa ƙasa ce da sarauta: Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, aka ce musu su baƙi ne, ba su da ƙasa a nan. Kafin shekarar ta ƙare an kashe ɗaruruwan mutane, dubbai sun bar gidajensu, Hausawan Kasala da Bur Sudan da Khartum sun fito zanga-zanga. Waɗanda suka yi ƙarni guda suna cewa a kan hanya suke, sai ga shi an karɓi maganar daga bakinsu an mayar musu da ita makami. A makonnin nan ne jirage ke kwaso alhazanmu daga Jidda ta sararin samaniyar ƙasar.

Sai da abin ya taɓa hanyar sama sannan yawancinmu muka waiwaya. A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, kuma filin jirgin Khartum na cikin wuraren da aka fara gwabzawa. Aka rufe sararin samaniyar ƙasar saura makonni a fara jigilar alhazai. Zaren nan mafi gajarta ya zama na takarda kawai. Jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙaru da awoyi, mai ya ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi. Abin da ya fi yawa a bakinmu a lokacin shi ne wa zai biya ƙarin. Tambaya ce mai hujja, domin mutane sun sayar da gona da shanu kafin su haɗa kuɗin. Amma sunayen da rediyo ke ambata dare da rana a labarin yaƙin, Junaina, Fashir, Ubayyid, Umdurman, Wad Madani, Sinnar, jerin zangon alhazai ne, kusan a yadda ake bin su.

Waɗanda suka ɗanɗani dawowar tsohon nisa a jikinsu su ne ɗalibanmu da ke karatu a Khartum. Tsakaninsu da Kano kilomita 2,600 ne ta sama, tafiyar da ba ta kai awa huɗu ba. Da filin jirgi ya mutu, sai aka zuba su a manyan motoci aka nufi arewa da su, suna ƙara nesanta da gida don su isa gida. Suka yi kwanaki a hamada a bakin iyakar Masar kafin a bar su su wuce Aswan, kuma sai farkon watan Mayu rukunin farko ya sauka a Abuja. Wasu aka bi da su gabas zuwa Bur Sudan, inda a kwanakin nan jiragen ruwan Saudiyya ke kwashe dubban baƙi suna haye kusan kilomita 300 na Bahar Maliya zuwa Jidda, a kan ruwan da mahajjatan Sawakin suka saba hayewa.

A can yamma kuma, a Junaina, abin ya fi haka muni. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa an kashe mutum 10,000 zuwa 15,000 a garin a cikin 2023, yawancinsu Masalit, mutanen da ayarin mahajjata ke fara sauka a ƙasarsu in an shigo Sudan daga Wadai. A tsakiyar watan Yuni, bayan kashe gwamnan Darfur ta Yamma Khamis Abbakar, dubban mutane suka kama hanyar Adre da ke iyakar Cadi, a ƙafa da jakuna, da yara a baya. Tazarar Junaina da Adre ba ta kai kilomita 40 ba, jirgi a sama ba ya yin minti uku kafin ya wuce ta. An tare mutane da yawa a shingayen da ke kan hanyar an harbe su. Waɗanda suka tsira suka cika Adre har ta ninka yawanta sau da dama, daga nan aka riƙa kwasarsu zuwa sansanonin da aka kafa a cikin ƙasar Wadai.